Wasiƙa a Kan Hoton Ƙirji

Ranar Juma'ar da kuka zo gaishe ni, ɗayarku ta ɗaga ƙyallen da na rufe injina na rubutun makafi da shi, ta danna maɓalli guda, ta ce, "Anti, wannan ai yanzu waya ke yinsa." Kuka yi dariya, ni ma na yi, don abinci na kan wuta. Amma maganar ba ta bar ni ba. Ku a Riyad aka haife ku, Larabcinku ya fi Hausarku gudu, saboda haka da Hausa zan ba ku amsa, ku ma ku ɗan sha wahalar karatu.

Rubutun makafi gida ne mai ɗigo shida, uku a hagu, uku a dama, girmansa bai wuce abin da kan yatsa zai rufe ba. Siffa sittin da uku kaɗai ake iya fitarwa daga cikinsa. Baƙaƙe, lambobi, waƙafi, ayar tambaya, duk a nan ake cusa su, kuma kowane harshe da irin cusawarsa. Ni na Jamusanci na fara koya, kafin na Larabci, kafin ma in san ana yin na Hausa.

Aikina na farko littafin girki ne. Maigidana ya tafi Jamus karatun ɗaukar hoton ƙashi, na bi shi da satifiket ɗin buga tafireta da na samu a Zariya. Garin ƙarami ne, duk tudu da gangare, kuma akwai wata maɗaba'a da ke buga wa makafi littattafai. Da harshen ya ɗan zauna a bakina sai suka ɗauke ni, ba don in rubuta komai ba, don in karanta. Nakan zauna da littafin masu ido ina karantawa da ƙarfi, har da kowane waƙafi, wani tsoho kuma yana bin na makafin da yatsunsa, yana farautar kuskure. Sunansa Otto, ni Malam Otto nake ce masa, bai taɓa hana ni ba. Tun yana yaro ya makance. Wata shida ina karanta masa kafin ya miƙo mini allo da tsinke.

Allon ƙarfe ne mai ninki biyu, ana matse takarda a tsakiya, a riƙa huda ta da tsinken ta cikin 'yan tagogi. Ta baya ake hudawa, ɗigon ya fito ta gaba. Don haka daga dama ake rubutawa, kowane baƙi a juye, sai an kifa takardar a karanta daga hagu. Na roƙe shi ya bar ni in hau injin mai maɓalli shida da nake ganin sauran suna bugawa, ya ce wadda ba ta iya huda ɗigo guda da hannunta ba, ba ta san nauyinsa ba.

A shafin miyar dankali na yi kuskurena na farko. Lamba ba ta da siffarta daban a rubutun makafi, baƙaƙen farko ake ara, a sa musu alama a gaba. Tsakanin uku da huɗu ɗigo ɗaya ne tak. Hannuna ya zame na ƙara ɗigon, sai na sa farce na danne shi har ya kwanta, na duba da ido ban ga komai ba, na miƙa masa. Yatsansa na zuwa wurin ya tsaya.

"Me kika binne a nan?"

Na ce ɗan kuskure ne, na goge.

Ya ce, "Ke kika goge da ido. Bayan wata shida takardar nan za ta sha iska, ɗigon ya ɗago kai, wata mata ta zuba gishiri cokali huɗu. Ita ba ta da wanda zai gaya mata. Sake shafin."

Na sake. Tun daga ranar ban ƙara miƙa shafin da na danne wa ɗigo ba.

Littafi na uku da na yi, na wani lauya ne makaho, a nan na gane wahalar Jamusanci. Kalmominsu dogaye ne, sukan ɗinka uku ko huɗu su zama ɗaya, kuma takardar makafi tana cin wuri, littafi ɗaya na masu ido sai ya cika kwali. Don haka rubutun nasu hawa uku ne. Akwai na 'yan koyo, baƙi bayan baƙi. Akwai na tsakiya, inda sautuka irin su au da ei da sch da st kowanne ke da siffa guda. Sai na gwanaye, inda ɗigo biyu ko uku ke tsaya wa kalma sukutum. Babban baƙin da Jamusawa ke fara kowane suna da shi kuwa, makafinsu ba su cika damuwa da shi ba sai inda ya zama dole. Amma taƙaitawar tana da doka. Ɗauki kalmar ƙofar gida: Haus gida ne, Tür ƙofa ce, a haɗe Haustür. Ga s ga t suna maƙwabtaka, hannu yana ɗokin ya buga st guda, amma haramun ne, don s ɗin na gida ne, t ɗin na ƙofa. In kika haɗe su, yatsan mai karatu zai yi tuntuɓe, ya koma baya yana neman inda kalmar ta karye. Sai kin san harshen, kin ji inda aka yi ɗinkin. Kwamfuta ta iya yawancin wannan yanzu, ban musa ba, na fi ku amfani da ita. Amma har gobe duk abin da ta fitar sai na bi shi layi-layi, kuma ban taɓa bi na tashi hannu wofi ba.

Shekara bakwai muka yi, maigida ya sami kwantiragi a wani asibiti a nan, muka sauka a unguwar Shumaisi. Na zo da injina a cikin bargo, na ɗauka Jamusanci ya ƙare mini. Na sami aiki a ɓangaren mata na wata 'yar cibiyar makafi, na koma ɗaliba, don siffofin su ne dai amma ma'anar ta sauya. Siffar da Bajamushe ke karantawa ei, Balarabe shinun yake karantawa. Wadda Bajamushe ke kira sch, a wurin Balarabe ha ce, mai fitowa daga maƙogwaro. Kai ya sani, amma yatsa yana da taurin kai. An ba ni ɗan littafin addu'o'in safe da yamma in buga, duk inda aka nemi tsari daga sharri, yatsuna suka buga shinun ɗin Jamus, wato sch. Shugabar ɓangaren, wata makauniya 'yar nan ƙasar mai suna Abla Nura, ta shafa shafin ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, kin nema mana tsari daga harri, zafin rana ke nan. A Riyad wannan ma addu'a ce mai kyau, amma ba ita aka ba ki ba." Na sake littafin daga farko.

Zafin nan kuwa abokin gaba ne na gaske. Takardarmu mai kauri ce, in ta bushe da yawa ɗigon ba ya tashi, fashewa yake yi, ya bar rami mai kaifi da ke kwanciya bayan karatu biyu. Na koyi ajiye ta a kabad da kwanon ruwa a ƙasa. Injin kuma ba mai gyaransa a garin nan. Da maɓallin ɗigo na biyar ya fara maƙalewa, sai da na zaga har Gubaira, wurin Malam Isuhu, mutumin Maraɗi mai gyaran keken ɗinki. Ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya ce, "Hajiya, ban taɓa ganin irinsa ba, amma ƙarfe ne da sifirin. Ki bar mini shi kwana biyu." Shi ke duba mini shi har yau, shi ne kuma ya wasa mini tsinken da nake aiki da shi.

Masu neman Jamusanci a Riyad ba su da yawa. Na yi wa 'yar wani injiniya littattafan makaranta shekara biyu kafin su koma gida. Na yi wa wani saurayi Balarabe da zai tafi can neman magani 'yan kalmomin asibiti. Sai Ummu Faisal.

Bajamushiya ce, ta auri ɗan nan ƙasar tun yana karatu a can, ta musulunta, ta biyo shi, ta haifi ɗa guda. Lokacin da aka haɗa mu mijin ya riga ya rasu, tana zaune a Suwaidi da ɗanta Faisal da iyalinsa. Ciwon suga ya cinye mata ido, kunnen ma ya yi nauyi, sai an sa baki dab da na hagu an ɗaga murya. Waya kuwa hayaniya kawai take ji. Ta haura sittin sa'ad da na fara koya mata. Ranar farko ta shafa takardar ta ce kamar an zubar da gero a tabarma. Wata goma sha huɗu muka yi kafin ta karanta shafi guda ba tare da na taimaka ba, kuma a hawa na tsakiya ta tsaya, ba ta kai na gwanaye ba.

Abin da ta koyi karatun dominsa ɗaya ne. Tana da yaya a Jamus, Gerda, su biyu suka rage a gidansu. Gerda ba ta yarda da kwamfuta ba, da alƙalami take rubuto wasiƙa duk wata. Kafin in zo, Faisal ke karanta mata a kunne, da Jamusancinsa na gida, yana ihu, matarsa da yara suna ji. Ta ce mini, "Wasiƙar da aka yi ihunta ba wasiƙa ba ce." Sai ya zama ni ke karɓa in mayar da ita ɗigo, ita kuma ta huda amsa da allonta, in mayar da ita rubutun masu ido in aika. Ta kafa mini sharaɗi tun farko: kada in gyara wa Gerda ko kuskuren rubutu. "In ta manta waƙafi, ki manta. Haka nake jin muryarta." Shekara tara muna haka. Na san abin da ke cikin gidan nan fiye da yadda ya kamata baƙo ya sani, kuma ba za ku ji shi a bakina ba. Wannan ma yana cikin sana'ar. Abin da zan faɗa yanzu, da izininta nake faɗa.

Shekarar korona ita ce muguwar shekararmu. Ku kun tuna ta da karatu ta waya da zaman gida. Mu kuwa sana'armu gaba ɗaya taɓawa ce, sai ga shi an ce kada a taɓa komai. Aka rufe cibiyar. Littattafan da ɗalibai ke aro suka zama abin tsoro, don yatsu da yawa sun bi ta kansu. Takardar da ake kawo mana daga waje ta yanke, tawa ta ƙare a wata na biyu. An hana fita sai da tasrihi, wato takardar izini. Ummu Faisal kuwa, da sugarta da shekarunta, ko jikokinta an hana su matsawa kusa da ita. Ba mai zuwa kunnenta sai Faisal, shi ma da takunkumi a baki, ba ta jin rabin abin da yake faɗa. Wata uku ba wasiƙa.

Ran nan da hantsi Faisal ya kira ni. Aikinsa na wutar lantarki ne, yana da izinin fita. Ya ce wata ma'aikaciyar jinya ta turo masa hoton wasiƙa daga Jamus, shafi biyu, Gerda na kwance a asibiti. Ya turo mini. Rubutun da na sani shekara tara ya zama kamar sawun tururuwa, layukan suna gangarowa ƙasa. Na karanta sau uku. A shafi na biyu ta faɗa ƙarara cewa likitoci sun gaya mata kwanakinta kaɗan ne, ba za su sake haɗuwa ba, ta kuma nemi gafara kan wata magana da ta faɗa ranar da ƙanwarta ta bar gida.

Ya sake kira. Ya ce, "Khala," haka yake kirana, wato inna, "kin karanta?"

Na ce na karanta.

"Ki rubuta shafin farko kawai. Ki ƙara mata da cewa tana samun sauƙi. Wallahi zuciyar Ummi ba za ta ɗauka ba, kuma ba jirgi, ba inda za ta je."

Na ce, "Faisal, wasiƙar a hannunka take. In ka ga dama ka ɓoye ta, wannan tsakaninka ne da mahaifiyarka da Allah, ba zan kai ƙararka ba. Amma ni ba zan rubuta rabi in miƙa mata a matsayin duka ba. Ita ba ta da hanyar da za ta bincike ni. Abin da na huda shi ne gaskiya a wurinta."

Ya ce in wani abu ya same ta fa?

Na ce ban da amsar wannan.

Ya ce, "Khalas, shi ke nan," ya kashe wayar.

Kwana biyu ban ji shi ba. Ban sani ba ko na yi daidai, kuma na san Gerda ba ta da kwana biyun da za a ɓata. A rana ta uku ya kira, muryarsa a dishe, ya ce in rubuta duka. Sai ya ƙara da abin da ban sani ba: tun watan jiya yatsun Ummi suka fara mutuwa, tsofaffin wasiƙun ma in ta shafa ba ta jin komai sai santsi.

Ga shi ba takarda, ga shi ko da akwai ba za ta ji ta ba. Ina buƙatar abu mai tauri da zai riƙe ɗigo da kaifi, wanda kuma za a iya wankewa da maganin kashe ƙwayar cuta. Maigida ne ya jawo wata tsohuwar jaka daga saman kabad, fallayen roba na hotunan ƙirjinmu na gwajin iƙama, wato takardar zama, da muka tara tun zuwanmu. Na gwada tsinke a gefen ɗaya, ɗigon ya tashi tsaf kamar ƙwayar dawa. Namu shida ne, ba za su isa ba. Na faɗa a zauren matan Hausawa na waya, kafin la'asar an ajiye mini wasu a bakin ƙofa, har da hoton ƙafar wani da ta taɓa karyewa.

Inji ba zai huda wannan ba, sai allo da tsinke. Na yanka kowanne gida biyu don ya shiga allon. Na ajiye duk taƙaitawa, na koma hawan 'yan koyo, baƙi bayan baƙi, ina tsallake gida ɗaya tsakanin baƙaƙe da layi ɗaya tsakanin layuka, don yatsa ya sami wurin numfashi. Kowane ɗigo sai na danna da nauyin kafaɗa. A kan roba ba a gyara, in kika kuskure sai sabon falle, na kuwa zubar da uku. Kwana uku na yi, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, na ɗaure da ƙyalle na ci gaba.

Kalma ɗaya ta gagare ni, a layin ƙarshe, dab da sa hannun Gerda. Na faɗaɗa hoton, na juya shi, na nemi duk kalmar da na sani mai kama da ita, babu. Ina iya cankar wani abu mai daɗi in sa, ba wanda zai sani. Na bar gurbi, na huda a gefensa cewa a nan akwai kalma guda da ban iya karantawa ba.

Faisal ya karɓa a bakin ƙofa, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya gaya mini cewa manuniyar mahaifiyarsa ba ta ji komai ba, ta bi yatsun duka tana gwadawa, sai gefen ƙaramin yatsanta na hagu ya kama. Da shi ta karanta, yini biyu, ta hana kowa shiga ɗakin. Sannan ta nemi allonta. Amsar layi biyar ce, baƙaƙen sun hau kan juna, na warware su na buga, Faisal ya tura. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ta karanta wa Gerda a kunne, amma lokacin ta daina magana, ba ta san ko ta ji ba. Washegari Gerda ta rasu.

Sai bayan wata biyar aka bar ni na shiga gidan. Na same ta a kan kujerarta, ta rame, fallayen robar suna kan cinyarta a ɗaure da zare. Na durƙusa kusa da kunnenta na yi mata ta'aziyya. Ta amsa, sannan ta ce, "Faisal ya ce ki cire wani abu, ko?"

Na ce wannan sai ta tambaye shi.

Ta ce, "Ba sai na tambaya ba, ni na haife shi." Ta lalubo falle na ƙarshe, ta ɗora ƙaramin yatsanta a kan gurbin. "Wannan fa?"

Na ce na yi iya ƙoƙarina, ban gane ta ba.

"Hoton yana wurinki?"

Na ce yana cikin wayata. Sai ta buɗe tafin hannunta ta miƙo mini. Ta ce, "Kada ki karanta. Ki zana mini yadda ta ja alƙalamin."

Na ajiye wayar a kan gwiwata, na riƙe hannun, na bi layin da yatsana yadda yake, da karkacewarsa da rawarsa. Ta ce in sake. Na sake a hankali. A karo na uku, ban kai ƙarshe ba ta dunƙule hannun a kan yatsana. Ta yi wata 'yar dariya, sannan hawaye suka zubo.

Ta ce, "Ba za ki same ta a ƙamus ba. Sunan da take kirana ne tun ina rarrafe. Rabon da in ji shi tun ranar da na bar gida."

Na ce ta faɗa mini baƙaƙen, in huda mata shi a gurbin.

Ta girgiza kai, ta mayar da fallen cikin 'yan'uwansa, ta ɗaure zaren.

"Ki bar shi haka," in ji ta. "Na karanta."